Amsa ga ɗalibi mai gab da kammala digiri: feloshif da aikin koyarwa a ƙasashen waje

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji huɗu, ina karanta koyar da Turanci, saura zango ɗaya in kammala, kuma in Allah Ya so da daraja ta biyu mataki na sama zan fita. Mahaifina ɗan fansho ne, ba shi da halin biya mini digiri na biyu ko a gida, balle a waje. An turo mana sanarwa a zauren WhatsApp na ajinmu cewa ana neman masu koyar da Turanci a Koriya ta Kudu, a biya naira dubu tamanin kuɗin rajista. Gaskiya ce? Idan ba ita ba, wace hanya irina zai bi ya samu feloshif ko aikin koyarwa a waje?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, kada ka biya kuɗin nan, kuma ka hana 'yan ajinku biya. Gwamnatin Koriya ta Kudu tana da shirin ɗaukar malaman Turanci daga waje, sunansa EPIK, amma bizar da ake ba malaman Turanci a can an ware ta ne ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, sai wata 'yar ƙofa da aka buɗe wa malaman Indiya ta hanyar yarjejeniyar kasuwanci. Najeriya ba ta ciki. Komai kyawun Turancinka, fasfonka za su fara dubawa. Wanda ya ce zai kai ka da naira dubu tamanin, ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuma ya sani sarai, kuɗinku yake so.

Ka riƙe wannan ma'auni, zai yi maka amfani har bayan ka manta sauran maganata. Fulbright, Chevening, tallafin gwamnatin Japan, na gwamnatin Turkiyya, duk kyauta ake cike fom ɗinsu a shafinsu na intanet, ba su da dillali, ba su da ejan a Kano ko Kaduna. Wasu jami'o'in suna karɓar kuɗin duba takardu, wannan gaskiya ne, amma asusun jami'ar ake biya kai tsaye. Duk ranar da aka ba ka lambar asusu mai sunan mutum, ka tsaya cak.

Na daɗe ina koyarwa a jami'a, na kuma taɓa yin shekara guda ina koyar da Hausa a wata jami'a a Amurka, tun daga nan ɗalibai ke sallama a ofishina da irin tambayarka. Abin da na lura shi ne ana cakuɗa abubuwa uku. Akwai sikolashif, inda za a biya maka kuɗin makaranta da na ci da sha ka yi digiri. Akwai feloshif, wanda sau da yawa zama ne na wasu watanni, a ba ka alawus ka yi aiki ko bincike ko horo, ka dawo ba da sabon digiri ba. Sai kuma zama mataimakin malami, inda guminka ne ke biyan kuɗin zamanka. Kuma yawancin waɗannan ƙofofi ba ranar da ka ajiye biro a jarrabawar ƙarshe suke buɗewa ba. Abin da ka yi a shekara biyun da ke biye da digiri, shi ne abin da za ka nuna musu.

Bari in daɗe a kan wadda ta fi dacewa da kai, domin ita ce ɗalibanmu suka fi wucewa ba su waiwaya ba. A ƙarƙashin shirin Fulbright, wanda Amurka ta kafa a 1946 da sunan Sanata J. William Fulbright, akwai reshe da ake kira FLTA. Ana ɗaukar matasan malaman Turanci daga ƙasashe daban-daban, a kai su jami'o'in Amurka su koyar da harshensu na gado tsawon shekarar karatu ɗaya, wajen wata tara. Daga Najeriya, Hausa da Yarabanci ake nema. Aikin ba ya wuce sa'a 20 a mako, kana kuma ɗaukar kwasa-kwasai biyu kowane zango don ƙaruwar kanka. Ana biyan kuɗin jirgi da alawus da inshorar lafiya. Ba digiri za ka dawo da shi ba, ba a tafiya da iyali, kuma bizar J-1 da ake bayarwa tana tafe da sharaɗin komawa gida shekara biyu. Ta hannun ofishin jakadancin Amurka ake nema, ana buƙatar digiri na farko da jarrabawar ƙwarewar Turanci ta TOEFL da shaidar cewa kana koyarwa.

Ka duba wannan da kyau. A neman aikin koyar da Turanci a duniya, kana gasa da mutanen da aka haifa cikin Turanci, kuma dokar biza tana bayansu. A koyar da Hausa kuwa kai ne ɗan gida. Ana nazarin Hausa a Hambug ta Jamus, da Waso ta Folan, da cibiyar harsuna ta INALCO a Faris, da Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijin, ga tsohon tarihinta a makarantar SOAS ta Landan da Indiyana da Wiskonsin a Amurka. Harshen da muke raina wanda ya karanta shi a jami'a, shi ne ke ɗaukar mutum ya tsallaka da shi teku.

Sai dai jin Hausa daban, koyar da ita daban, kuma a nan ne shirinka zai fara. A makona na biyu a aji, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: an koya musu "yara sun zo", to me ya sa a tambaya ake cewa "su wa suka zo?", ba "su wa sun zo?" ba. Kowane Bahaushe ya san ta biyun ba ta zauna ba, amma ita dalili take nema, kuma haƙƙinta ne ta samu. Sai ka iya nuna mata cewa Hausa tana da siga biyu ta shuɗaɗɗen lokaci, ɗaya ta bayani kai tsaye, ɗaya mai fitowa a tambaya da ƙarfafawa da jerin labari: "yara ne suka zo", "suka zo suka zauna suka ci". Wani zai rubuta "gari" a allo ya ce maka wanne ne birni, wanne ne na tuwo, tunda rubutun ɗaya ne. Dole ka iya ja masa wasalin farko ya ji da kunnensa cewa na tuwo dogo ne, na birni gajere. Haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama, karin sauti ne ya raba su. Za ka ce musu sunan da ya ƙare da "a" yawanci mace ne, mota, riga, makaranta, washegari su zo maka da gida da ruwa da nama da suna. Ga kuma aikatau: na saya, na sayi doya, na saye ta, sayo, sayar, saye, sayu. F. W. Parsons na SOAS ya tsara aikatau na Hausa aji bakwai tun 1960, kuma har yau da wannan tsarin ake koyarwa. Na ga ɗalibin da ya kwana uku yana gwada furta ƙ, ranar da ya raba "kafa" da "ƙafa" ajin duka suka tafa masa.

Don haka, tun kana cikin makaranta, ka taka zuwa sashen harsunan Najeriya. Ka nemi izinin malamin da ke koyar da nahawu da tsarin sauti ka riƙa zama a ajinsa, ko ba za a ba ka maki ba. Ka gyara ƙa'idar rubutunka, ka daina rubuta "yana" a haɗe ko a rabe yadda ka ga dama, ka sa ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ ko a saƙon waya ne. Mai ganawa da kai yana iya cewa ka koyar da gaisuwar safe cikin minti biyar ga wanda bai taɓa jin Hausa ba. Wanda ya taɓa gwadawa da ɗan bautar ƙasa Bayarabe ko Ibo, a take ake gane shi.

Akwai magana mai nauyi da ba zan ɓoye maka ba. A shekarar 2025 Amurka ta tsaurara dokokin shiga ƙasarta. Chadi da Sudan sun shiga jerin takunkumi a watan Yuni, Nijar da Najeriya suka biyo baya a Disamba, kuma abin ya taɓa bizar karatu da ta musayar malamai. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa da sauyin gwamnati da siyasa. Ka ci gaba da shiri, ka riƙa duba sanarwar ofishin jakadanci da kanka, amma kada ka jingina rayuwarka da ƙasa ɗaya.

Faransa tana da shiri makamancin wannan, wanda hukumar France Éducation International ke gudanarwa, kuma ana ɗaukar 'yan Najeriya. A nan Turanci za ka taimaka a koyar a makarantun firamare da sakandare, sa'a 12 a mako, wata bakwai daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu. Albashin na rufin asiri ne, ba na tara kuɗi ba, musamman in aka tura ka babban birni inda haya ke da tsada. Sharaɗin da ke tare yawancin 'yan Arewa shi ne jin Faransanci matakin B1, wato matsakaicin mataki. Abin yana ba ni takaici, domin Maraɗi da Damagaram suna nan kusa da mu, akwai kuma Alliance Française a Kano. Mai himma da ya ba abin shekara guda ko ɗaya da rabi yana iya kaiwa wannan mataki ya zauna jarrabawar DELF ta shaidar iya Faransanci.

Idan kuma digiri na biyu kake so kai tsaye, wanda na fi tura sababbin masu digiri gare shi shi ne Erasmus Mundus na Tarayyar Turai. Jami'o'i ne na ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su shirya digiri ɗaya, ka yi karatu a ƙasa biyu ko fiye, ba kuɗin makaranta, ga alawus Yuro 1,400 a wata har zuwa wata 24. Yawancin kwasa-kwasansa ba sa neman ƙwarewar aiki, wasu ma suna karɓar ɗalibin ajin ƙarshe muddin zai kammala kafin a fara. Akwai na ilimi da na harsuna a ciki, ana kuma buɗewa tsakanin Oktoba da Janairu. Darajar da kake sa ran fita da ita ta isa ka nema. Tallafin gwamnatin Turkiyya ana cike shi daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, mai neman digiri na biyu ya kasance ƙasa da shekara 30, kuma za ka fara da shekara guda ta koyon Turkanci. Na Japan, MEXT, ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja ake bi wajen Afrilu ko Mayu, ƙasa da shekara 35, alawus ɗin mai digiri na biyu yen 144,000 a wata. Gidauniyar Mastercard, wadda ta fara shirinta a 2012, ba ta karɓar fom da kanta, ta jami'o'in da take hulɗa da su ake nema, irin su Edinbara da Makgil da Keftawun da Makerere, kuma ita tana duba halin gidanku da abin da ka yi wa al'umma, don haka batun fanshon mahaifinka ba abin ɓoyewa ba ne a wurinsu. Tallafin Rhodes na Jami'ar Okosfod yana da kaso na Afirka ta Yamma, har da Nijar da Gana, amma guraben kaɗan ne ƙwarai, kusan sai mai daraja ta ɗaya mai ƙananan shekaru. Abokanka na lissafi da kimiyya ka gaya musu su duba cibiyar nazarin lissafi ta AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003 take da rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, da kuma jami'ar KAUST ta Saudiyya. "Waje" ba Turai kaɗai ba ce.

Waɗanda sunansu ya fi yawo a bakin ɗalibai su ne waɗanda ba za ka iya nema bana ba. Chevening na Birtaniya, da aka fara a 1983, yana neman aikin shekara biyu, wato sa'a 2,800, ko na cikakken lokaci ko na wucin gadi ko na sa-kai, kuma sai ka koma gida shekara biyu bayan kammalawa. Shirin EPOS na DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, shi ma shekara biyu yake nema. Horon malamai na MEXT, mai wata 18, shekara biyar ta koyarwa yake so. Hukumar Technical Aid Corps da Najeriya ta kafa a 1987 tana tura malamai ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu, amma ƙwararru take ɗauka. Tun Fabrairun 2023 Ingila ta ba malaman Najeriya da Gana damar neman shaidar ƙwarewa ta QTS, sai dai a lissafi da kimiyya da harsuna irin su Faransanci ne, Turanci ba ya cikin lissafin, kuma shaidar ba aiki ba ce, ba biza ba ce.

Ka ga ke nan duk hanyoyin nan suna ratsawa ta cikin aji. Shi ya sa nake roƙonka, idan aka tura ka bautar ƙasa aka ba ka makaranta, kada ka nemi a sauya maka zuwa ofishin da za ka wuni kana kallon bango. Ka karɓi ajin ka koyar da gaske. Ka sayi littafi guda ka riƙa rubuta abin da ka tarar da abin da ka yi: yara nawa, nawa ne ba sa iya karanta jimla, me ka gwada, me ya yi aiki, me ya ƙi. Ka yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Ka karɓi takarda daga shugaban makarantar mai kwanan watan farawa da na gamawa kafin ka bar garin, domin komawa neman ta bayan shekara biyu wahala ce.

Wannan littafin shi ne zai rubuta maka muƙalar neman tallafi. Na karanta irin waɗannan muƙalu da yawa, kusan duk da jimla ɗaya suke buɗewa, cewa tun mai nema yana yaro yake ƙaunar ilimi, sannan a bi da labarin talauci da yabon ƙasar da ake son zuwa. Mai tantancewa ya karanta irinta ɗari kafin taka. A ce kai kuwa ka rubuta cewa an ba ka ajin yara saba'in, ka gano ashirin ba sa haɗa baƙi, ka riƙa zama da su bayan la'asar kana fara musu da karatun Hausa kafin Turanci, zuwa ƙarshen zango sha biyu suka fara karanta labari da kansu, sauran takwas suka gagare ka, kuma dalilin gagarar ne kake son ka je ka karanto. Wannan mutum ne ake son gani a ganawa. Kada ka ba wani ya rubuta maka, kada ka sa manhaja ta rubuta. Ranar ganawa za a ɗauko jimla ɗaya a ce ka faɗaɗa, kuma wanda bai rayu cikin labarin ba, muryarsa ce ke tona shi.

Takardu kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ni kaina na taɓa rasa wata dama saboda takardar sakamakona ta yi wata huɗu a wani ofishi ba ta fito ba, wa'adi ya wuce ina kallo. Da zarar majalisar jami'a ta amince da sakamakonku, ka nemi taka, ka ajiye kwafi. Yau ɗin nan ka baje takardunka a tabarma: ta haihuwa, ta WAEC ko NECO, ta JAMB, katin NIN, katin makaranta. Ka duba sunanka harafi-harafi. Wani ɗalibina yana Muhammad a wata, Mohammed a wata, a ta uku kuma sunan garinsu ya zama sunan mahaifi, ga ranar haihuwa iri biyu. Gyaran ya ci masa watanni da rantsuwar kotu, alhali tun yana aji uku zai iya gama shi a natse. Ka yi fasfo da wuri da sunan da ya dace da sauran. Jarrabawar Turanci ta TOEFL da IELTS kuwa kada ka yi gaggawar biya, shekara biyu kawai sakamakonsu ke aiki, kuɗinsu kuma da nauyi. Jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar Turancin WAEC, wasu shirye-shiryen suna karɓar takardar jami'a cewa da Turanci aka koyar da kai. Sai ka tabbatar ana buƙata sannan ka cire kuɗi.

Saura zango ɗaya ka bar makaranta, to ka yi amfani da shi wajen malamanka. Kowane shiri zai nemi wasiƙar shaida biyu ko uku. Wasiƙar farfesan da bai san fuskarka ba, wadda ta ce kai ɗalibi ne mai ladabi da ƙoƙari, ba ta ɗaga ka ko taku ɗaya. Ta malamin da ya duba kundin bincikenka, wanda zai iya cewa ka sake babi na uku sau biyu ba tare da an tilasta maka ba, ita ce mai nauyi. Ka je ka gaishe su, ka gaya musu burinka, ka karɓi adireshin imel ɗinsu na jami'a, domin wasu shirye-shiryen sun fi amincewa da shi. In lokaci ya yi ka ba su aƙalla wata guda, ka haɗa musu da muƙalarka da ranar rufewa.

Ka zauna da mahaifinka tun yanzu ka yi masa bayani, kada ya fara jin maganar ranar da takardar ɗauka ta iso. Ka gaya masa ƙasar, da tsawon zaman, da cewa akwai sharaɗin dawowa. Ko tallafin cikakke ne, za ka buƙaci kuɗin fasfo da na gwajin lafiya da na zuwa Abuja ko Legas, da ɗan abin riƙewa kafin alawus na farko ya shigo, don haka ka fara tara wani abu daga alawus ɗin bautar ƙasa. 'Yan matan ajinku ma ka isar musu: waɗannan shirye-shirye suna neman mata, musamman daga yankinmu, kuma na ga waɗanda suka je suka dawo da mutuncinsu da iliminsu. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne an yi shawara da iyaye ko miji tun kafin a cike fom.

Kana iya nema a shekarar farko a ƙi ɗaukarka. Yawancin waɗanda na sani da suka samu, a karo na biyu ko na uku ne, da muƙalar da aka sake wa fasali da ƙarin shekara guda ta aiki. In ka rubuta daftarin farko, ka kawo mini ko ka kai wa wani malami da ka amince da shi, a karanta a gabanka da jan biro. Ka gaida mahaifinka, Allah Ya ba ku sa'ar jarrabawar ƙarshe.